Shekara 16 a ganga, minti ɗaya a kofin roba

Waɗanda suka zo gidana ranar Asabar sun san wanda nake nufi, ba sai na kama suna ba. Har yau abin yana cina a rai. Ka ɗauki wiskin Lagavulin mai shekara 16, ka tsiyaya a kofin roba, ka cika da ƙanƙara, ka bi da Coke, ka kwankwaɗe kamar mai kora tuwo da ruwan randa. Haba ɗan'uwa!

Shekara 16 fa. A dokar Sikotlan, lambar da ke jikin kwalba shekarun mafi ƙuruciyar wiskin da ke ciki ne. Wato ko ɗigo ɗaya babu wanda bai yi shekara 16 a gangar itace ba. A tsibirin Islay, da mutanen can ke kira Aila, ake yin sa. Tun 1816 masu yin Lagavulin suke wannan sana'a a wurin. Sha'ir zalla suke jiƙawa ya yi tsiro, a busar da shi da hayaƙin baƙar ƙasar fadama, a tace a tukwanen jan ƙarfe. Duk shekara kusan kashi 2 cikin 100 na abin da ke ganga yana bin iska, su ce rabon mala'iku ne. Suna asara suna haƙuri, kai ko minti ɗaya ba ka iya jira ba.

An ce mini bakinsa ne, ya sha yadda yake so. To kwalbar tawa ce. Wanda addininsa ya hana shi kuma, na girmama shi, ba da shi nake ba, zobo na ba su ranar kuma sun ji daɗi.

Abin da na roƙa kaɗan ne. Zuba ɗan kaɗan a kofin gilas mai tsukakken baki. Kai hanci a hankali, kada ka zuƙa da ƙarfi. Hayaƙi za ka fara ji, kamar rigar da ta kwana a gefen murhu, sai gishirin teku, sai wani zaƙi irin na busasshen dabino can daga baya. Ɗiga ruwa biyu ko uku, ƙamshin ya buɗe. Kurɓa, ka bar shi a kan harshe. Bayan ka haɗiye ma yana nan yana ɗumama ƙirji. Duk wannan Coke ta binne.

Ni kakata ce ta koya mini wannan, ita da ba ta taɓa ganin wiski ba. Burukutu take yi a ƙauyenmu na Filato. Sai ta jiƙa dawa, ta shimfiɗa, ta rufe da ganye, kullum da asuba ta yayyafa ruwa ta ɗaga ta duba tsiron. Wanda ya taɓa tukunyarta kafin ranar kasuwa sai ya sha muciya. Tukunyar tana nan a bayan ɗakin kawuna, bakinta ya ɗan tsage, yanzu kaji ke ƙwai a ciki.