Ba Martha ce mai laifi ba

Masu bibiyar Black Mirror, shirin talabijin mai nuna yadda fasahar zamani ke iya cutar da mutane, sun daɗe suna gardama kan kashin da ya fi tayar da hankali, kuma galibi sukan zaɓi waɗanda aka tozarta wani ko aka zubar da jini a cikinsu. Ni dai har yau ban ga wanda ya kamo ƙafar "Be Right Back" ba, wanda Charlie Brooker ya rubuta, tashar Channel 4 ta Birtaniya ta haska a watan Fabrairun 2013.

A cikin labarin, wasu masoya, Martha da Ash, sun tare a wani gida can ƙauye. Washegari Ash ya fita mayar da motar da suka yi haya, sai gawarsa. A wurin jana'iza wata ƙawarta ta ba ta labarin wata manhaja da ke tattara duk abin da mamaci ya taɓa rubutawa a intanet, ta riƙa magana da yawunsa. Martha ta ƙi, har da tsawa. Da ta gano tana da juna biyu, ga shi babu wanda take son faɗa wa sai shi, sai ta buɗe kwamfuta. Daga rubutu aka koma murya a waya, daga murya aka kawo mata gangar jikin da aka ƙera mai kama da Ash a cikin akwati.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda wasu 'yan kallo ke ɗora mata laifi, wai ta kasa haƙuri da ƙaddara. Su sake kallon wurin da wayar ta suɓuce mata a asibiti bayan an yi mata hoton ciki. Ta durƙusa tana kuka tana ba wayar haƙuri, kamar ya sake mutuwa a hannunta. Wannan mace tana zaune ita kaɗai a gidan da babu maƙwabta, babu masu shigowa gaisuwa, 'yar'uwarta na kira tana ƙin ɗauka saboda tana kan layi da muryar mamaci. A wurinmu an yi wa makoki iyaka, takaba ma wata huɗu ne da kwana goma, mace ta fita ta ci gaba da rayuwa cikin mutane. Manhajar nan kuwa ba ta da ranar fita, domin ranar da Martha ta haƙura, ranar kamfanin ya rasa mai biya. Ku lura, da muryar Ash ɗin ce aka tallata mata mataki na gaba, aka kuma gaya mata yana da tsada. Wa zai iya cewa a'a idan masoyinsa da ya rasu ne ɗan tallan?

Na san akwai hujja a ɗaya ɓangaren, kuma ba ƙarama ba ce. Bayan Roman Mazurenko ya rasu a haɗarin mota a Mosko a 2015, ƙawarsa Eugenia Kuyda ta haɗa irin wannan manhaja da saƙonninsa, wasu daga cikin makusantansa suka ce ta rage musu raɗaɗi. Ba zan ƙaryata wanda ya ce ya samu sauƙi ba. Sai dai ita Kuyda ta gina abin ne don abokinta. Da ya zama sana'a, lissafin ya canza. A 2022 Amazon ta nuna Alexa, manhajarta mai magana, tana karanta wa yaro labari da muryar kakarsa da ta rasu, a gaban taro, a matsayin ci gaba.

Sannan ga shi kansa Ash, wanda ba a cika tunawa da shi ba a gardamar. An ƙera kwafinsa daga abin da ya ga damar wallafawa, wato barkwancinsa da fara'arsa, shi ya sa kwafin ba ya musu, ba ya fushi sai an umarce shi, har abin ya ishi Martha. Babu wanda ya tambayi Ash ko ya yarda a yi amfani da muryarsa bayan ransa. Ya kamata doka ta tilasta wa duk kamfanin da ke wannan harka ya nuna izinin da mutum ya bayar da kansa tun yana raye, kuma iyalinsa su iya sa a goge komai a duk ranar da suka buƙata.