Dubiya kaɗai ba ta isa ba

Allah ya saka da alheri da wannan rahoto kan mata masu sankarar ƙwan mahaifa, musamman inda kuka ce wadda ke da masu tsaya mata ta fi juriya, damuwa kuma ba ta kayar da ita da sauri. Gaskiya ne, amma wane irin tsayawa?

Mu nan mun iya dubiya. Makon farko ɗaki cike, da kuloli da lemo. To ita wannan cuta yawanci a makare ake gano ta, don kumburin ciki da saurin ƙoshi sai a ce olsa ce. Sai tiyata, sau da yawa a cire mahaifa da ƙwan duka, sannan allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, duk bayan mako 3, kusan zagaye 6. Gashi ya zube, haila ta ɗauke, kuɗi sun ƙare. A lokacin ne ƙafa ke ɗaukewa, wani mijin ma har ya fara zancen ƙarin aure tana kwance tana ji. Wallahi wannan na ci mini rai.

Kuma idan ta daina barci, ta daina cin abinci, tana kuka ita kaɗai, kada a ce mata ba ta da tawakkali. Ciwon damuwa ciwo ne, yana da magani. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika suna da likitocin ƙwaƙwalwa. Don Allah likitocin mata su riƙa tura masu wannan sankara can tun ranar da aka faɗa musu sakamakon gwaji.