Reno, nasare, rabin aji, share fage: a tsayar mana da magana ɗaya

Masu rubuta labaran ilimi da masu fassara sanarwar gwamnati, yau da ku nake. Ku ɗauki labari ɗaya kan karatun ƙananan yara ku duba da kyau. A kanu an ce "makarantun reno", sakin layi na biyu sun koma "nasare", can ƙasa kuma "ajin share fage". Marubuci gani yake ya yi gwaninta tunda bai maimaita kalma ba. Mai karatu kuwa sai ya tashi bai san ko abu ɗaya ake nufi ko uku ba.

Kuma ba abu ɗaya ba ne. Manufar ilimi ta Najeriya, bugun 2013, ta raba su. Daga haihuwa zuwa shekara 4 mataki ne na kulawa da reno, wanda galibi yake hannun masu makarantun kuɗi. Sai shekara guda ta ɗan shekara 5, kafin ya shiga aji ɗaya. Wannan shekara gudan an sa ta cikin ilimin matakin farko, shi ya sa tsarin ya koma 1-6-3-3-4, wato shekara ɗaya kafin firamare, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a gaba da sakandare. A takarda dai, haƙƙin kowane yaro ce, kamar yadda firamare take. Tun a dokar UBE ta 2004 ma, wato dokar ilimin matakin farko na bai ɗaya, an ambaci kula da ƙananan yara cikin aikin da aka ɗora wa hukumar da dokar ta kafa.

To ga inda gizo ke saƙa. Ka ce wa magidanci a rediyo an buɗe "makarantar reno" a unguwarsu, amsarsa a shirye take: "Uwarsa tana gida, wane reno kuma?" A kunnensa reno na jariri ne, na matar da ke fita aiki. Ka ce "nasare", sai hankalinsa ya tafi kan kuɗin zango, yunifom da kwandon abinci, ya ce wannan ta masu hali ce. Alhali ajin da ake magana yana nan cikin firamaren gwamnati da ke bayan gidansa, ɗakin nan na ƙarshe mai tabarmi, inda yara ke rera "A, Ba, Ca" suna tafi, wani na riƙe da silifas ɗinsa a hannu don kada a sace. Ka ce masa "rabin aji" kawai, nan take ya gane.

Sai dai ni rabin aji bai kwanta mini a rubutu ba. Sunan da kansa raini ne. Abin da aka kira rabi, rabin kulawa yake samu: shi ake ba ɗakin da rufinsa ke yoyo, shi ake tura wa malamar da aka rasa inda za a kai ta. Haka ma malamansu. Yau a rubuta "masu reno", gobe "anti-anti", alhali kwalejojin ilimi suna ba da NCE, wato takardar shaidar malanta, a wannan fanni takanas. Wadda ta yi shekara uku tana koyon yadda ƙwaƙwalwar yaro ke buɗewa, malama ce, a kira ta malama.

Na san wani zai ce ai yalwar kalmomi ita ce adon Hausa. Haka ne, a waƙa da ƙagaggen labari. Amma likita ba ya sauya wa magani suna a tsakiyar takarda don kada a ce ya maimaita.

Shawarata: "gidan reno" a bar wa jarirai da 'yan tatata. "Nasare" a bar wa ta 'yan shekara 3 da 4, tunda bakin mutane ya riga ya kama. Shekarar nan ta gab da firamare a ce "ajin share fage", a farkon rubutu a faɗa sau ɗaya cewa shi ne rabin aji, daga nan kada a sake sauyawa. Ko "reno" da "raino" ma a zaɓi guda, domin mai neman labari a intanet abin da ya rubuta shi zai fito masa.

Wannan ba sai an kira taron ƙasa ba. Editan kowane gidan rediyo zai iya rubuta kalmomin nan a takarda ɗaya ya manna a ɗakin labarai. In ana son a yi shi da tushe, SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta kowace jiha, ta zauna da masana Hausa na jami'o'inmu, irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo, su fitar da jeri guda kafin lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ya zagayo.