Wai barcin awa huɗu ya ishi mai neman arziki

Kun dai ga bidiyon nan da ake ta yaɗawa, na mutumin da ya tara matasa yana ce musu duk wanda barcinsa ya wuce awa huɗu bai shirya yin arziki ba. Har da tafi! Sannu da ƙoƙari, malam mai ƙarfafa gwiwa. In sun kwanta a asibiti sai ka bi su can ka ƙarasa laccar.

Barci ba lalaci ba ne. A cikin ƙwaƙwalwa akwai agogon da hasken da ke shiga ido yake saitawa. Duhu ya yi, jiki ya saki melatonin, sinadarin da ke shirya ka barci. Gari ya kusa wayewa, wani sinadarin mai suna kotisol ya hau ya tashe ka. A kan wannan agogo aka bai wa Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017, bayan sun gano ƙwayoyin gadon da ke juya shi a jikin ƙananan ƙudaje. Wannan agogon ne kai malam za ka soke da makirufo a hannu?

Na san wani zai ce, "Ai ni da na sha kofi garau nake." Ina! Tun safe sinadarin adenosin ke taruwa yana jawo maka barci, kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi, toshe masa hanya kawai yake yi. Bashin yana nan, sai ka biya.

Kuma hankalinka ne ke biya. Wanda bai yi barci ba, ɓangaren ƙwaƙwalwarsa mai kula da tsoro da fushi kan zabura a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Rashin barci mai daɗewa na ƙara haɗarin ciwon damuwa. Masu larurar nan ta hawa da sauka tsakanin zumuɗi da baƙin ciki kuwa, 'yan kwanaki ba barci na iya tayar musu da ciwon gaba ɗaya. Babba na buƙatar awa 7 zuwa 9. Barci ba lalaci ba ne, na sake faɗa.

Wallahi da gaske nake, 'yan'uwa: in ka yi makonni kana juye-juye a gado, zuciya na bugawa, komai ya fita ranka, je ka ga likita. Ba abin kunya ba ne.

Af, ku kuma masu kiran mutum ƙarfe biyun dare kuna tambaya, "Ka yi barci ne?" Me kuke so in amsa muku?