Kuɗin na asali, kayan jabu: masu kayan mota, ku ji tsoron Allah

Ba tsada ce ta sa ni wannan rubutu ba, tsada mun saba da ita a Maraɗi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ka biya kuɗin kaya na asali, a miƙo maka jabu cikin kwali mai kyalli, in ka dawo kuma a nuna maka takardar da aka manna a bango wai kayan da ya fita ba ya dawowa.

Tiriyangil ɗin gaba na hannun dama ne ya mutu a tsohuwar Corolla tawa. Duk mai mota ya san alamar: ka faɗa rami ka ji ƙwas daga ƙasa, sitiyari ya riƙa jan ka gefe, taya ta cinye ta ciki ta bar waje. Tiriyangil shi ne ƙarfen da ke haɗa ƙafar mota da gangar jikinta, silamblok biyu na roba a gindinsa, rotil, wato mahaɗin da ƙafar ke juyawa a kansa, a bakinsa. In rotil ya fice kana cikin gudu, taya kwantawa take yi. To ka ɗauka hakan ta faru a hanyar Ɗan Isa, manyan motoci gaba da baya, iyali na kujerar baya. Wannan shi ne abin da wasu ke wasa da shi saboda ribar jikka biyu ko uku.

Ban kai ta gareji ba, don na gaji da ganin maigida ya fita ya bar wa yara mota suna koyon aiki da guduma a kanta. Ni da ƙanena muka yi abinmu a tsakar gida. Ƙasar Maraɗi rairayi ce, kirik ɗin ɗaga mota nutsewa yake, sai da muka shimfiɗa masa katako mai kauri, muka kuma tura kututture ƙarƙashin mota, don mai hankali ba ya sa kansa ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita. Notuna sun ci laka da tsatsa, muka jiƙa su da gazuwal suka kwana. Rotil ya ƙi fita, muka bubbuga gefen mazauninsa, ba kan zaren ba, har ya saki. Da muka ɗaura sabon ba mu ƙulle notunan silamblok ba sai da muka sauke mota ta tsaya da nauyinta, domin in ka ƙulle tana rataye, robar a murɗe za ta zauna ta yage da wuri. Daga nan na je na biya aka daidaita ƙafafu. Babu abin da muka tsallake.

Wata bai cika ba ƙara ta dawo. Na leƙa, robar ta tsage gida biyu, hular rotil ta fashe, ciki kuwa ko ɗigon giris babu, sai yashi. Na ɗauko tsohon da muka cire na riƙe a hannu ɗaya, sabon a ɗaya. Sabon kamar gwangwanin madara.

Na koma shagon da na saye shi, da shi a leda. Mutumin ko juya shi bai yi ba, ya ce, "Alhaji, wa ya ɗaura maka?" Na ce ni ne. Ya ce, "To ai shi ke nan, Alhaji, ba aikinka ba ne. Ga hanyoyinmu kuma ka san yadda suke." Na ce, "Malam, wanda na cire shekara da shekaru yana bin hanyoyin nan, har Dakoro da Madarunfa ya sha zuwa. Naka ne bai san rami ba?" Sai ya juya ga wani mai saye.

Hanya kam ba ta da kyau, ban musa ba. Ruwan damanar 2024 ya yi wa garin nan ɓarna, kuma akwai lungunan da in ruwa ya sauka adaidaita ma sai ta yi dabara. Maganar rufe iyaka da masu kaya ke fakewa da ita, ita ma gaskiya ce: tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kuɗin dako ya hau. Na yarda a ƙara mini kuɗi. Amma rufe iyaka ba shi ya sa ka rantse mini da Allah cewa na kamfani ne ba, kuma iyakar Najeriya an buɗe ta tun Maris 2024, Katsina ga ta nan kusa.

Abin da muke nema kaɗan ne. Ka ce mini ga na asali, ga na kas da aka ciro daga wata mota, ga mai araha wanda ba ka da tabbas a kansa, kowanne da kuɗinsa. Mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauki mai araha da saninsa, ya riƙa dubawa. Kuma a ba mutum rasit mai sunan kaya, ba guntun kwali da aka rubuta lamba a kai ba.

Yanzu na kas na sa, wanda na danna robarsa da ƙarfe a gaban mai shi kafin in biya. Aikin da na yi na sake yi, daidaita ƙafafu na sake biya, tayar dama kuma ta riga ta cinye har waya ta fito. Sai na sayi wata, kuma layin shagunan nan dai zan koma.