Yadda Na Wanke Keken Baba Har Ya Kai Ni Kwata

Tsadar fetur ce ta tuna min da keken marigayi Baba, Raleigh ɗan Ingila, wanda ya shekara huɗu a jingine a zaure, daidai inda rufin yake yoyo. Da na janyo shi, kan keken da wili da ƙararrawa duk sun yi ja da tsatsa, kamar an tofa musu goro. Wannan fa keke ne da muna yara mukan ga fuskarmu a jikin ƙararrawarsa.

Na lallaɓa madafa na ɗauko soson ƙarfen uwargida, na haɗa da samfefa, na zauna na dage. Tsatsa ta fita kuwa, amma ta tafi da ƙyallin. Inda na fi ba wa ƙarfi ya koma toka-toka, ga zane kamar kaza ta yi tono.

Da na kai wa tsohon da ke gyaran keke a bakin kasuwarmu, ya daɗe yana kallon kan keken kafin ya ɗago.

"Ɗan nan, gaba kake yi da shi?"

Ya ce wannan farin abin, kurom, shafe ne kawai aka yi wa baƙin ƙarfe, bai ko kai kaurin gashi ba. Shi ba ya tsatsa. Ruwa ne ke bi ta ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani ya tarar da ƙarfen ciki, sai tsatsar ta ɓullo sama. Wato ni na kankare rigar, na bar ƙarfen tsirara. Inda ya rage, in ji shi, in samo takardar alminiyam irin wadda ake naɗe gasasshen kifi, in dunƙule, in tsoma a ruwan lemon tsami ko Coca-Cola, in goga a hankali. Alminiyam ya fi kurom laushi, ba zai karce shi ba.

Coca-Cola na saya, don rabi na keke, rabi nawa. Kuma wallahi abin ya yi aiki: baƙin ruwa na zuba, wili na haskawa. Murna ta sa na manta ya ce a ɗauraye a goge ya bushe. Da asuba na tarar da kiyashin unguwarmu kaf sun yi layi daga taya har sirdi, ƙudaje kuma na jiran nasu rabon.

"Baban Ummi, walima ake yi a zauren ba a gaya mana ba?" in ji uwargida.

Ban tanka ba. Na wanke, na shanya, na zo kan shawara ta ƙarshe: a ɗan shafa mai don ya tare ruwa. Ɗan, ya ce. Ni kuwa na ga ai alheri ba ya yawa, na bi ko'ina da man keken ɗinki, har gefen wili, daidai inda robar birki take kamawa.

Na sa farar shadda, na hau, na nufi gangaren bayan masallaci ina kaɗa ƙararrawa don a san na fito. Wata akuya ta gitta. Na matse birki. Keke ya ƙara mai. Na matse duka biyun har yatsuna suka yi ƙara, robar tana ta sulɓi a kan wili kamar sabulu. Akuyar dai ta tsira. Ni da shaddata muka sauka a kwata, keken a samana, tayar baya na juyawa tana walƙiya. Wani yaro da ya zo ɗaga ni ya ce, "Kai, Baba, amma keken nan naka sabo ne ko?"

Tsohon ya wanke wilin da fetur, ya canza robobin birki, ya karɓi kuɗinsa bai ce uffan ba, sai kafaɗunsa da ke rawa. Da na turo keken gida ina ɗingishi, uwargida na tsaye a bakin ƙofa riƙe da tukunyar da ta ƙone, tana tambayar wanda ya ga sosonta.