"Ai Yaro Ne, Zai Manta": Nasiha Ga Matasan Ma'aurata

'Yan'uwa matasa magidanta, da ku ƙanne masu shirin aure, akwai maganar da muke rufe bakin juna da ita duk sanda rikici ya kai ga duka a gida: "yara sun yi barci," ko "ai yaro ne, zai manta." Yawancinmu ciki da falo muke haya, bango ba ya tare ƙarar mari, ba ya tare kukan uwa. Yaron da ya ja bargo ya rufe kansa idonsa biyu, kuma da safe shi ne zai fara ganin kumburarren ido da fasasshen kwano a tsakar gida.

Idan yaro ya tsorata, jikinsa na sakin sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jiki ya ɗaure don shirin gudu. A ka'ida uwa ko uba ne ke rungumarsa tsoron ya kwanta. To yanzu uban ne abin tsoron, uwar kuma ga ta a ƙasa. Wurin wa zai gudu? In abin ya yi ta maimaituwa, ƙwaƙwalwarsa ta saba da zaman ɗar-ɗar, ko ƙofa iska ta buga sai ya zabura. Idan alamomin suka haura wata ɗaya, har suna hana shi barci ko karatu ko wasa, likitoci na kiran wannan PTSD, wato firgicin da ke zama a jiki bayan mummunan abu. Ba duk yaron da ya ga duka ke kamuwa ba, amma yawan gani na ƙara haɗarin. A 2017 UNICEF ta ƙiyasta cewa a duniya yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara 5, kimanin miliyan 176, na tare da uwar da mijinta ko abokin zamanta ke cin zarafinta.

Ƙaramin yaro ba zai ce "ina cikin damuwa" ba, jikinsa ne ke magana. Ɗan shekara huɗu da ya daina fitsarin kwance sai ya koma yi, ya maƙale wa zanin uwa har banɗaki, ya farka da ihu tsakar dare. Ku lura da wasansa: yarinya ta ɗauki 'yar tsana tana jibga, tana maimaita zagin da ta ji, yau da gobe, ba dariya a fuskarta. Ɗan firamare kuwa ciwon ciki da ciwon kai ne ba zazzaɓi, hadda ta ƙi zama, malami ya ce ya zama daƙiƙi. Wani ya ƙi zuwa makaranta don gadin uwarsa yake yi. Matashi ya daina kwana a gida, ya fara dukan ƙannensa mata, ko ya faɗa shaye-shaye. Wanda aka fi mantawa da shi shi ne mai shirun da ake yabo, "wannan ba ruwansa," alhali takunsa ma a hankali yake yi kada ya tada fitina.

Mu kuma sai mu ƙara masa. Mai fitsarin kwance a tara masa yara a yi masa amalala, wanda ya kasa hadda ya sha dorina, mai firgita a ce shafar aljanu ce a tsaya nan. Addu'a da tofi alheri ne, amma ba su hana zuwa asibiti. Mafi muni shi ne ranar sulhu, dangi sun cika falo, a kira yaro a ce "faɗa mana abin da ka gani." An sa shi zaɓi tsakanin uwa da uba ke nan, kuma in auren ya mutu zai ɗauka bakinsa ne ya kashe shi. Haka ma aiken "je ka gaya wa uwarka." Ku bar wannan.

Babu maganin da zai ci matuƙar ana ci gaba da dukan. Kai maigida, Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. In ka ji ranka ya ɓaci, yi alwala, fita daga gidan. A Najeriya dokar hana cin zarafi ta 2015 ta sa dukan mata ko miji a jerin laifuka, jihohi da dama kuma sun karɓe ta. Ke uwargida, haƙurin da 'ya'yanki ke biyan kuɗinsa ya kamata waliyyanki su san da shi tun da wuri.

Kafin dukan ya tsaya, a koya wa yaro kada ya shiga tsakani, don masu rabon faɗa ne suka fi jin rauni. A nuna masa gidan maƙwabcin da zai tafi, ya haddace lambar wani babba guda, da 112 ta gaggawa. Bayan ƙura ta lafa, kada a ce "ba abin da ya faru," domin ya gani, musun zai sa ya daina yarda da ku. A durƙusa daidai tsayinsa a ce: "Abin da ka gani ba daidai ba ne. Ba laifinka ba ne, kuma ba aikinka ba ne ka gyara." Kada a matsa masa ya ba da labari. A tsare lokacin cin abinci da na barci. In ya farka a firgice, a kira sunansa, a faɗa masa inda yake, a ja numfashi tare ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake shi ta baki ana ƙirga shida, kamar sau biyar. Katifa kuwa a shimfiɗa mata leda, a wanke zanin gado ba gori.

Kada a sayo masa diyazefam a kyamis don ya yi barci. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba yara irin waɗannan ƙwayoyi don firgicin watan farko bayan mummunan abu. Abin da aka fi tabbatar da amfaninsa shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre, yawanci mako-mako, zama 12 zuwa 16, tare da wanda ba shi ne mai dukan ba cikin uwa da uba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Yaron da ya ambaci mutuwa ko ya fara ji wa kansa rauni, a kai shi a ranar, kada a jira wata ya cika. In za a je, a rubuta yaushe alamomin suka fara da dare nawa yake farkawa a mako, a kuma faɗa wa likita abin da yaron ya gani a gida ba ɓoye-ɓoye.